Randar Kawu

Kawuna ya je yaƙin basasa, ya dawo garinmu Surko da ido ɗaya. Yau an wuni a rediyo ana kiɗan soja, ana kiran irinsu jarumai, sai ya faɗo mini a rai.

Kullum yakan cika randa a ƙofar gida don masu wucewa. Da ƙarfinsa ya ƙare, na ce ya huta haka nan.

Ya shafa sanyin randar, ya ce, "Wani na harbe a bakin rafi. Ya durƙusa zai sha ruwa, ba bindiga a hannunsa. Bai kai ga sha ba."



Yanzu yana maƙabartar bayan gari, ni nake cika randar. Allah Ya karɓa, Ya yafe masa.