Sanyin da Na Ƙirƙiro wa Baba a Kuala Lumpur

Babanmu malamin gona ne. Ya yi ritaya daga aikin gwamnati, amma bai yi ritaya daga auna ruwan sama ba. A tsakar gidanmu a Kano akwai wani gwangwani mai mazurari a kan turke, duk yaron da ya taɓa shi ya san sauran. Da an ɗauke ruwa zai fito ya auna, ya rubuta a wani dogon littafi mai baƙin bango. Hali zanen dutse. Shi ya sa a shekarar da mu 'ya'yansa mata biyu muka bar gida, ni na taho Kuala Lumpur karatun digiri na biyu, autarmu ta bi mijinta wani gari a Kanada, guzurin da ya ba kowaccenmu shi ne ma'aunin zafi.

Ya kuma kafa mana doka. Kullum da azahar a fita waje, a tsaya a inuwa, a auna, a turo masa lamba. Ya ja layi a littafinsa ya raba shafi biyu, dama nawa, hagu na Auta.

Da farko abin ya tafi daidai. Ina sallame azahar sai in leƙa barandar ɗakina a Lembah Pantai, in duba, in tura. Talatin da biyu. Gobe talatin da biyu. Jibi in garin ya ga dama ya yi talatin da uku. Azahar ɗinmu ita ce dawowar Baba daga sallar asuba, don haka saƙona ne yake fara isa. Amsarsa kuwa ba ta canzawa: "Madalla, Mamana." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Sai Disamba ta kama, garin su Auta ya fara nuna halinsa. Yau biyar ƙasa da sifili, jibi sha biyu, wata rana har ashirin. Ga dusar ƙanƙara. Baba ya ce a riƙa auna masa zurfinta, Auta ta ce ba ta da rula, ya ce to tana da muciya? Daga ranar muciyar tuwo ta samu aiki na biyu. Kullum sai ta soka ta a bakin ƙofa ta ɗauko hoto: yau kwatan muciya, yau rabi. Ranar da muciya ta nutse gaba ɗaya, zauren gidanmu na waya ya kusa fashewa. Yayyenmu suna jajantawa, Umma tana addu'a, Baba kuwa ya kira ta sau uku a yini guda yana tambayar ko ta sa safa biyu.

Ni fa? Madalla, Mamana.

Ba zan ɓoye ba, kishi na ji, mai zafi kuwa. Ni ma fa ina cikin nawa halin. Malamar da ke duba aikina ta dawo mini da babi na biyu sau uku da jan biro. Ban san kowa ba sai 'yar ɗakina, ita ma kullum tana ɗakin gwaji. Abincin dare sai dai in yi tapau, wato a ƙunsa mini, a shagon mamak na Indiyawa Musulmi da ke ƙasan bene, in hau in ci ni kaɗai ina kallon bango. Amma duk wannan ba ya hawa ma'auni. Wadda ta zauna cikin ɗaki mai ɗumi da mijinta ita ce abar tausayi, ni da nake narkewa ni kaɗai an ce madalla.

Wajen ƙarshen Fabrairu, ina zaune a laburaren makaranta a hawa na huɗu, daidai ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, yatsuna har sun ƙage. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san cewa sanyinsa ba a waje yake ba, yana cikin laburare da jirgin ƙasa. Na buɗe jaka neman biro, sai ga ma'aunin Baba. Na duba. Sha tara.

Na ce a raina, ai ba ƙarya ba ce, aunawa na yi. Na tura.

Ranar ba a ce madalla ba. Baba ya rubuto: "To." Washegari na ƙara matsawa kusa da na'urar, na samu sha takwas. Rana ta uku sha bakwai. Umma ta kira ta ce in riƙa shan citta da kanumfari. Babban yayanmu ya ce ashe can ma ana sanyi. Abin nema ya samu, na gyara zama. Har wani ɗan tari na ƙaro a waya don abin ya yi armashi.

A can kuwa Maris ta shigo, ƙanƙarar Auta ta fara narkewa, ta dawo, ta sake narkewa, muciya ta koma kwata. Ni da ita mun kusa zama kunnen doki a zaure.

Bayan sati biyu wata Anti ta kira ni, matar wani malamin jami'a da ke zaune a unguwar Cheras, wadda ta dawo daga hutu a Kano.

"Ke ce 'yar malamin gona? Babanki ya ba ni saƙo, come and collect it lah. Ya cinye mini half of my luggage."

Na hau jirgin ƙasa na MRT da murna, ina lissafin kilishi da yaji. Da na isa ta turo mini wata ƙatuwar jakar leda. Bargo ne, mai kauri, irin mai hoton damisa. Ƙarƙashinsa hular sanyi da safa ƙafa uku.

Anti ta dube ni, ta dubi fankar da ke juyawa a samanmu. "Are you okay? Zazzaɓi kike yi?"

Na ce a'a. Na rungumi kayana na fito cikin rana tsaka, gumi yana bin bayana, mutane suna matsa mini a jirgi suna kallon damisa. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Sai da na warware bargon a ɗaki na ga takarda an maƙala da allura, da rubutun Baba mai kwanciya gefe guda: "A yafa wannan a ɗakin karatu. Lamba kuma a auno ta a waje."

Na ɗauki waya na kira shi. Ko sallama ban gama ba na fara ba da haƙuri.

"Mamana," ya ce, "shekara talatin ina wannan aiki. Garin da kike ba ya yin sha bakwai da azahar, ko da sama za ta faɗo. Tun ranar farko na sani."

"To me ya sa ba ka faɗa ba, Baba?"

"Ina jiran ki faɗi abin da ke damunki ne. Wanda ya baro inuwa ya je neman lamba a wani wuri, akwai abin da yake son a tambaye shi."

Nan na fashe da kuka. Na ba shi labarin babi na biyu, da jan biro, da bangon da nake kallo ina cin abinci. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba.

"Saƙon Auta ina dubawa ne in san ko zan damu," ya ce. "Naki shi ne yake tarar da ni a ƙofar gida in na dawo daga masallaci. In na ga talatin da biyu sai in ce wa Ummanku ta kawo koko. Sati biyu ke nan kokon nan yana hucewa a gabana."

Washegari ina sallame azahar na fita baranda, na tsaya a inuwa, na jira ma'aunin ya zauna. Talatin da biyu. Na tura, na ƙara da cewa malamata ta karɓi rabin babin.

Amsa ta zo kafin in ajiye wayar. "Madalla, Mamana. An kawo koko."