Ranar da Na Shanye Bincikena

Na daɗe ina aikin binciken irin shuka na gargajiya, na leƙa rumbuna ba iyaka, amma ranar da na shanye bincikena a ƙwarya ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin ina ɗaliba a jami'a, ina yawon neman wani tsohon irin hatsi mai jure fari da mutane suka daina shukawa. Da ƙyar na same shi wajen wata tsohuwa a Ɗan Kassari. Ta zazzage mini ɗan abin da ya rage mata a tulu, ko tiya bai cika ba, kuma a kansa digirina ya rataya. Na ƙulle shi a zane, na sauka gidan gwaggona a Dogon Dutsi, na ajiye a ɗakinta na fita gaishe-gaishe.

Da na dawo ta tarbe ni da hura mai sanyi. Na sha, na ƙara, har ina yaba ƙamshinta. Gwaggo ta yi murmushi ta ce, "Ai tsarabar da kika kawo mini ce, ɗiyata. Hatsin nan tun a turmi na ga daban yake."

Ludayi ya suɓuce mini. Na yi mata bayani ina kuka, ita kuwa sai tambayata take ko masu boko ba su da dabarar dawo da shi.

Washegari ta ɗauki mayafinta ta ce mu koma Ɗan Kassari. Tsohuwar ta yi dariya har da hawaye, ta ce nata ya ƙare, amma ta taɓa ɗiba wa ƙanwarta da ke aure a Dumega. Muka sake shiga motar kasuwa. Ƙanwar ta daina shukawa, sai dai ta ba wani maƙwabcinta, kuma a rumbunsa muka tarar da damman hatsin a jere, ya ɗiba mana.

A hanyar dawowa gwaggo ta rungume ƙullin a cinya, ta hana ni taɓawa, wai ba a ba wanda ya sha na farko ajiyar na biyu.

Tun daga nan ban sake tara iri wuri guda ba. Duk wanda na samo, sai na rarraba wa manoma. Na gane iri ba ya tsira a ɓoye, sai ya shiga hannuwa da yawa.