Zaman da Magena Ta Koma Yi

Magen nan a hannuna ta tsufa. Tun tana 'yar mitsitsiya na ɗauko ta daga Gitata saboda ɓerayen da suka addabi buhunan masarata. Ta yi aikinta, ni kuma ban taɓa yaba mata ba, don ba halina ba ne.

A damunar bara na lura ta sake zama. Ta daina hawa katanga, ta daina kwanciya ta gefe. Sai ta tsuguna a ƙofar ɗakina, ta ware ƙafafun gaba, ta miƙa wuya, cikinta na ɗagawa da sauri. Wani lokaci har ta buɗe baki tana haki. Mage ba ta haki haka kawai.

Matar ɗana ta ce ciwo ne, yara za su ɗauka, gara a sa ta a buhu a sake ta a hanyar Nasarawa, yadda ake yi. Ban ga laifinta ba, uwa ce. Amma ni na san zaman nan. Haka maigidana ya yi a shekararsa ta ƙarshe, Allah ya jiƙansa. Kwanciya ta gagare shi, sai dai a jera masa filo a baya ya jingina, yana neman iska.

"Mama, mage ce fa," in ji matar ɗana.

"Na sani. A tambayi likita tukuna. In ciwon yana kama mutum, ni zan riƙe miki bakin buhun."

Ɗana ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, na ji shi, amma ya kai mu wurin likitan dabbobi, mage a kwando bisa cinyata. Likitan ya daɗe yana sauraren ƙirjinta. Ya ce zuciya ce ta gaji, ruwa ya taru, kuma ba ya kama mutum. Na tambayi warkewa, ya ce babu, sai dai sauƙi. Ya ba da ƙwaya mai rage ruwan, ya hana ta abinci mai gishiri, ya ce kada yara su riƙa korar ta.

Magen ta kai lokacin kaka. Wata safiya na fito na tarar matar ɗana ta naɗe tsohon zaninta ta tokare mata ƙirji da shi, ta koma wanke-wankenta.

A kan zanin magen ta mutu, muka binne ta gindin mangwaro. Buhun yana nan, gawayi muke zubawa a ciki.