Katin da Yaya ta ƙi

Katangar da ta raba gidana da na Yaya ba ta kai kafaɗa ba. Damina ta cinye samanta tun tuni, ni ban gyara ba, ita ma ba ta gyara ba, don ta nan muke miƙa wa juna gishiri da garwashi da baƙar magana. Ba mu haɗa uwa ba, ba mu haɗa uba ba. Ni 'yar Bebeji ce, aure ya kai ni Riruwai, koyarwa ta dawo da ni Tudun Wada bayan rasuwar maigidana. A nan na tarar da ita. Ta girme ni, shi ya sa nake ce mata Yaya, ita kuma tana ce mini Malama, in ta so tsokana ta ƙara da "sarkin iyayi".

Ni Allah bai ba ni haihuwa ba. Ita kuwa ta haifa, sun rayu, sun girma, sun watse. Babban yana Kano yana sayar da kayan gyaran mota, mai bi masa yana can Kudu, 'ya'ya matan kowacce tana ɗakinta, mafi kusa ita ce ta Kiru. Amma in ka leƙo da rana tsaka, gidajen nan biyu duk ɗaya ne. Tsohuwa a nan, tsohuwa a can, sai kaji.

Shekarar da maganar inshorar lafiya ta gwamnati ta shigo gari, ba inda za ka zauna ba ka ji ta ba. Abin da aka ce mai sauƙi ne: kowa ya riƙa zuba ɗan abin da aka yanka masa, a ba shi kati, ranar da ciwo ya zo ya je asibiti a duba shi a ba shi magani ba sai ya kama akuya ya kai kasuwa ba. To fa! Sai ka ce an jefa tsakuwa a gidan rina. Malamin makarantar allon unguwarmu ya ce taimakon juna ne, ba laifi. Wani malamin ya ce shi abin ya yi masa kama da caca, yaya za a ce mutum ya biya kuɗin ciwon da bai zo ba. Manoman Burumburum da ke shigowa ranar kasuwa suka ce su dai duk abin da ya shiga hannun hukuma sai dai su ji labarinsa. A rediyo ma haka ake ta yi, wannan ya kira ya yabe, wancan ya kira ya zage.

Ni ban tsaya jiran su gama ba. Na ga jinyar maigidana da idona, na san yadda ake fitar da kayan ɗaki ɗaya bayan ɗaya har ɗakin ya koma yana amsa kuwwa. Shi yana da ni. Ni wa gare ni? Wa zai kama akuya domina? Na je na yi rajista, aka ɗauke ni hoto, aka ba ni katina. Da na dawo na ɗaga shi ta kan katanga na ce, "Yaya, zo ki ga ɗan da na haifa da tsufana."

Ta karɓa ta kai shi dab da hancinta, don tun lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani. Ta juya shi, ta miƙo mini. "Allah ya raya," in ji ta. "Sai dai ɗan naki ba zai dama miki koko ba."

Daga ranar muka buɗe namu zauren muhawarar, ni da ita, katanga a tsakiya. Yau ta ce haramun ne, na ce ta je ta tambayi malamin da ya karantar da 'ya'yanta. Gobe ta ce gwamnati ce za ta cinye kuɗin, na ce to ai ni na je an ba ni maganin ciwon gwiwa, ko aljanu ne suka ba ni? Jibi ta ce maganin kati ba shi da ƙarfi. Na ce, "Haba Yaya, ki ji tsoron Allah, yaushe kika zama likita?" Ina da saurin fushi, ban ɓoye ba. Akwai ranar da na shige ɗaki na bar ta tana magana ita kaɗai. Abin da ke ƙona mini rai shi ne idon nan nata kullum ƙara rufewa yake yi, ga hanyar gyara a buɗe, ita kuma ta kafe.

Ainihin dalilin bai fito ba sai wata la'asar muna ɓarar gyaɗa, ita a gefenta ni a gefena. Na sake ɗauko maganar, sai ta ajiye ƙwaryar.

"Malama, kin yi boko amma wayo bai ishe ki ba. In na kwanta ciwo, me kike gani a gidan nan?"

Na san amsar. A wajenmu in uwa ta kwanta, 'ya'ya ba sa gama magana ta waya. Dole a haɗu, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a yi shawarar wa zai kawo me, wa za ta zauna jinya, wane asibiti za a nufa. Wanda bai zo ba, kunyar ta bi shi har gidansa, don 'yan dubiya za su ƙirga fuskoki su tambaya ina wane.

"Sallah ma ba kullum suke zuwa ba," ta ce. "Wannan ya ce shago, wancan ya ce hanya. Ciwona ne kaɗai yake tara mini su. In na karɓi katin nan naki, shawarar me za su zo yi?"

Wallahi sai na tuna zazzaɓin da ya kwantar da ita kafin nan. Gidan ya cika har zaure. Jikoki suna haurowa ta katanga suna tsinke mini gwaiba tun ba ta nuna ba, ina kora ina zagi, amma tukunyar da na ɗora a kwanakin nan tun rasuwar maigidana ban ɗora irinta ba. Yaya tana kwance jiki ba ƙarfi, fuska kuwa sai ka ce amarya. Ni ma na ji daɗin ciwon nan nata, Allah ya yafe mana mu duka. Da suka tafi na daɗe ina jin kunnena yana neman hayaniyarsu.

Duk da haka na ce mata, "Yaya, ido fa ba zazzaɓi ba ne. In ya tafi ya tafi."

Ta ce, "In ya tafi ai dole ɗaya ta dawo ta zauna da ni."

Abin ya yi ta gaba. Ta fara laluben bango in za ta zaga. Rannan ta kai hannu za ta gyara itace a murhu ta damƙi garwashi. Labari ya je Kano. Da safiyar wata Talata sai ga babban ɗanta ya yi sallama, ba tare da an ce masa tana kwance ba. Zo ka ga murna! Ta sa aka kama zakara, ta leƙo ta katanga tana ce mini in kawo mata daddawa mai kyau, ba irin wadda nake ci ba. Ashe rajista ya zo kai ta. Ya durƙusa ya ce, "Inna, ki yi haƙuri ki tashi mu je, hankalina ya kasa kwanciya." A gaban mutane ba ta iya musa masa ba. Ta yafa mayafi ta bi shi, aka ɗauke ta hoto, ta dangwala yatsa. Kafin zakaran nan ya yi laushi ya kama hanya, wai akwai kayan da za a sauke masa a shago. Ni da ita muka ci naman.

Ba zan ce yaron nan ya yi laifi ba. Yana da iyali, yana da haya, ga hanya ba daɗi. Abin da ya yi shi ne abin da na daɗe ina roƙon ta yi, kuma a ranar har albarka na sa masa.

Katin kuwa ya yi aiki, wannan ba mai ƙaryata ni. Aka auna ta aka ce jininta yana hawa, aka ɗora ta a kan magani, duk wata muna zuwa tare mu karɓo. Ko tsinke ba a sayar ba a gidan. Sau ɗaya na ce mata, "To sarkin musu, yaya kika gani?" Daga nan ban ƙara ba. Don na fara lura da abin da wayarta ke cewa. In ta ce kanta na ciwo, sai a ce, "Inna, ai kina da kati, Malama ta raka ki mana." In ta ce jiri take ji, sai a ce, "Kin sha maganin kuwa? Allah ya sawwaƙe, a gaida Malama." Ta Kiru takan leƙo jefi-jefi ta koma a ranar. Tabarmar shawara tana jingine a bayan ƙofa har gara ta fara taɓa gefenta.

Da aka sa ranar aikin ido aka tura mu babban asibiti, ta sa na kira su ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya yi addu'a. Kowa ya tambaya ko katin ya ɗauki nauyin aikin, na ce ya ɗauka, sai in ji ajiyar zuciya ta cikin waya. Na Kudu ya ce ai an ce aikin ba ya daɗewa. Ta Kiru goyonta ba lafiya. Babban ya ce zai yi ƙoƙari. Na ɗaure mana kaya a zani, na kulle gidaje biyu, na bar wa maƙwabta kaji.

Ɗakin da aka kwantar da mu kowane gado da mutanensa. Kwanukan abinci, fulas ɗin shayi, surukai suna ta sannu da jiki, ana korar wasu waje saboda sun yi yawa. Gadonmu ni kaɗai ce a kan tabarma. Yaya tana kwance an naɗe mata ido da bandeji, duk takun da ta ji a bakin ƙofa sai ta ɗago kai. Wata mata ta tambaye ni, "Baiwar Allah, ba ta da 'ya'ya ne?" Na ce, "Tana da su, suna hanya." Na ji kaɗaici a ɗakin nan fiye da wanda nake ji a gidana, ga shi kuwa cike yake da mutane.

Washegari da hantsi ma'aikaciyar jinya ta zo ta warware bandejin a hankali. Yaya ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, hawaye na zuba. Ta dube ni tun daga ɗankwali har ƙafa.

"La ilaha illallahu! Malama, ashe haka kika tsufa?"

Na fashe da dariya ina kuka, na ce, "Ke kin ga taki fuskar kuwa?" Amma kafin in rufe baki idon ya wuce ni. Ya tafi bakin ƙofa, ya bi gadajen nan ɗaya bayan ɗaya da mutanen da ke kewaye da su, ya dawo kan tabarmata.

Ana haka wayata ta yi ƙara. Babban ne. Yaya ta cafke mini hannu, ta rage murya. "Kada ki ce ya buɗe. Don Allah, Malama. Ki ce abin bai yi ba."

Ni ban iya ƙarya ba, kuma ban iya kallon idon nan in ƙi ta ba. Na ɗauka. Ya gaishe ni da ladabi kamar kullum, ya ce, "Gwaggo, yaya idon Inna?" Raina ya ɓaci, na ce, "Ni ba likita ba ce. Ka zo ka gani da kanka." Ya ce in sha Allahu ƙarshen mako. Yaya ta saki hannuna ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

Aka sallame mu muka dawo gida. Ta share tsakar gida da kanta, har ƙarƙashin rumbu, tana mitar ashe haka na bar mata gida da datti. Ta kakkaɓe tabarmar nan ta shanya. Ranar Asabar wani direban motar Kano ya yi sallama a ƙofa, ya miƙo leda. Baƙin tabarau ne mai kyau a cikin gidansa, da lemo, da saƙon cewa ya kira asibiti an tabbatar masa aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi, sai ya samu sarari.

Har yau ina sabunta katina, kuma duk wanda ya tambaye ni cewa nake ya je ya yi. Ba don shi ba da yanzu Yaya tana lalube a duhu. Sai dai in aka fara muhawarar a rediyo nakan rage murya, don ba na son ta jiyo ta katanga. Masu kiran duk maganar kuɗi suke yi da ta magani.

Yanzu da la'asar a zaure take zama, inda ake hango titi. Rannan na zagaya na same ta da tabarau ɗin a fuska, ta matsa mini na zauna.

"Malama, katinki ya yi aiki," ta ce. "Tun daga kwanar titi nake hango motar Kano. Har fuskokin na ciki nake rarrabewa."

Motar ta rage gudu a daidai masu sayar da rake, ta sauke wata mata da buhu, ta wuce Doguwa. Yaya ta cire tabarau ta goge shi da bakin mayafi, ta mayar, ta juya wajen kwanar.