Takardar gonar matar Bande

Ni ne sakaran wannan labari, gara in faɗa da bakina. Shekara huɗu na yi a lakwal, wato makarantar boko, kuma da wannan zurfin ilimi na buɗe shagon fotokofi a Magaria, na zauna bakin ƙofa ina ba da umarni.

Mai aikin gaske ƴar ƙanena ce, wadda ta yi karatu a Damagaram. Ita ke zama gaban ordinatar, wato kwamfuta. Mutanen ƙauye kan kawo takardun gona da na haihuwa, ta ɗauki hotonsu ta ajiye a ciki, don gara da ruwan sama ba su barin takarda a ɗakin ƙasa.

Na'urar ta zo da wata ɗabi'a tun daga inda aka ƙera ta. Kullum bayan azahar sai ta kwafe duk abin da ke cikinta zuwa wani ƙaramin akwati da ke gefe. Lokacin nan takan yi nauyi kamar jakin da ya sha rana. Ranar kasuwa mutane su yi layi, ita tana gurnani.

Na ce a kashe wannan ɗabi'a. Ƴar ƙanena ta ce wanda ya haɗa na'urar ya yi gargaɗi a bar ta yadda ta zo, in kuwa za a taɓa, a kira shi tukuna. Na tambaye ta ko shi ke sayen kuran, wato wutar lantarki. Na yi mata jawabi mai tsawo, har da Faransanci biyu-uku, kan cewa mai shago ke da magana a shagonsa.

"Baba, takardun ba namu ba ne," in ji ta.

Na ce ta danna. Ta danna. Layi ya gajarce, na yi wata biyar ina yabon kaina.

Cikin watannin nan wata mata daga wajen Bande ta kawo takardar gonar da mijinta ya saya kafin ya rasu. Ni da kaina na bugi ƙirji na ce ta kwantar da hankali, abin da ya shiga nan ya shiga.

Da damina ta faɗi, kuran ya ɗauke ya dawo da ƙarfi, ordinatar ta ƙone. Akwatin ya tsira, amma babu abin da ya shiga cikinsa tun daga ranar jawabina.

Bayan girbi matar ta dawo a amalanke. Ɗakinta ya faɗi cikin ruwa, takardar ta zama kunu. Ƴan uwan mijin sun ce gonar ta gado ce, shaidun ciniki biyu duk sun rasu, mai gari ya ba ta zuwa Jumma'a ta kawo takarda. Ƴaƴa huɗu ke ci daga gonar nan.

Ƴar ƙanena ta sunkuyar da kai, ta gaya mata komai, ba ta ambaci sunana ba. Ni kuwa na gyara hula na fara bayani: kuran ne, ƙaddara ce, kuma ai mutum yana da ikon tsara shagonsa yadda ya ga dama.

Matar ta bar ni na gama. Ba ta ɗaga murya ba.

"Shagon naka ne, Malam, na ji. Ranar da za ka yanke wa gonata hukunci, me ya hana ka aiko a kira ni?"