Ciwon da Ya Raba Tukur da Fito

Tukur ɗan Auta shekara ashirin da shida ya yi yana fiton mutane a mashigin da ke gabas da Auyo, kuma ba a taɓa jin ya tsoma ko akuya a ruwa ba. Duk wanda ya san shi ya yarda da gwanintarsa, amma da wuya ka sami mai ƙaunarsa. Mutum ne mai kaifin baki. In ka hau kwalekwalensa da ƙafar da bai so ba, sai ka ji sunan kakanka kafin ku kai tsakiyar kogi.

Shugaban masu fito a mashigin shi ne Yunusa, ɗan baffansa. Tun suna samari ba sa ga maciji, don shi Yunusa aka ba shugabanci, mutane kuma suka ci gaba da jiran jirgin Tukur in ruwa ya cika.

A daminar da Tukur ya cika hamsin da biyu, abu ya fara masa da ido. Da safe garau yake tashi. Rana na karkatawa sai fatar idonsa ta hagu ta sauko, yana ganin gwangwalar tuƙinsa ta zama biyu. Bayan wata guda murya ta bi sahu, in la'asar ta yi sai maganarsa ta riƙa fita ta hanci, harshe na sarƙewa. Tuwon dare ma sai ya huta a tsakiyar loma.

Yunusa bai ɓata lokaci ba.

"Ku dubi idonsa," ya ce wa masu jiran jirgi. "Mutum da furfura, ya koma shan ƙwaya irin ta 'yan tasha. Da safe Malam, da yamma maye."

"Yaya, ka iya bakinka," in ji Tukur. Sai dai kalmomin sun fito a lauye, mutane suka fashe da dariya.

Ranar wata kasuwar Haɗeja ya ɗauko mata bakwai da buhunan shinkafa da babur guda. A daidai inda ruwa ya fi ƙarfi, hannuwansa suka ƙi ɗaguwa. Ba ciwo ya ji ba, ba jiri ba. Yana ce wa hannu ɗaga, hannu yana rataye kamar jiƙaƙƙen tsumma. Gwangwala ta sulle, jirgi ya juya ya bi ruwa, mata na salati, har Allah ya sa ya maƙale a cikin kacala, ciyawar nan da ta cinye bakin kogi. Ba wanda ya mutu. Buhu biyu suka tafi.

Kafin magariba masu fito sun zauna. Yunusa ya yanke cewa Tukur ba zai sake ɗaukar mutum a mashigin ba. Tukur ya miƙe zai kare kansa, kai ya ƙi tsayawa a wuya, dole ya tallafe haɓarsa da hannu.

"Ga shaida nan," in ji Yunusa. "Sai mu ƙara da me?"

Wata biyar ya yi a gida. Ya sha rubutu, ya sha sassaƙe, an yi masa hayaƙi. Masu zuwa dubiya suna zuwa da hantsi, su tarar da shi yana sara itace, su koma su ce ƙarya yake yi. Shi kuma ya huce haushinsa a kan matarsa Ramatu, har ranar da ruwan sha ya dawo masa ta hanci. Ramatu ta ajiye moɗa.

"Malam, zagin ya isa. Ko ka tashi mu tafi asibiti, ko in kira ƙannenka su ɗaure ka a mota."

Daga Haɗeja aka tura su Kano. Likitar da ta gan shi, Dakta Radiyya, ba ta kai shekarun 'yarsa ta fari ba, abin da ya fara ɓata masa rai ke nan. Ta ce ya kalli sama ya riƙe. Kafin minti guda fatar ido ta rufto. Ta sa aka kawo ƙanƙara a leda, ta ɗora masa a ido na minti biyu. Da ta ɗauke, ido ya buɗe tar.

"Wannan kuma wane irin tsibbu ne?" in ji Tukur.

"Ba tsibbu ba ne, Baba. Za mu auna jininka mu tabbatar, amma ina jin na gane. Mene ne sana'arka?"

"Fito. Da."

"To, ka fi ni sanin abin da zan faɗa. In ka yi niyyar ɗaga hannu, saƙo yana tasowa daga ƙwaƙwalwa ya bi jijiya a guje. Amma jijiyar ba ta manne da tsoka ba. Akwai 'yar rata tsakaninsu, wadda ido ba ya gani. Saƙo ba ya tsallake ta da kansa. Bakin jijiya ne yake sakin wani sinadari, ya haye, ya sauka a wuraren da aka tanadar masa a jikin tsoka, sannan tsoka ta motsa. Ƙwayoyin jijiyar da ke cikin kanka ma haka suke miƙa wa juna magana."

"Ni za ki koya wa hayewa?"

"A'a. Ina gaya maka inda naka ya lalace. Garkuwar jikinka ce ta ruɗe, ta toshe yawancin wuraren saukar. Jijiya tana turo sinadarin, amma kaɗan ke samun inda zai sauka. In ka huta, abin da ya samu ya sauka yana isarka. In ka yi ta aiki, abin da jijiya ke saki yana raguwa, sai ya kasa tayar da tsoka. Shi ya sa safiyarka daban, yammarka daban. Sanyi kuma yana sa sinadarin ya ɗan jima a ratar kafin a share shi, abin da ka gani da ƙanƙara ke nan."

Tukur ya shafa fatar idonsa. Can ya ce, "Ke nan ba maye ba ne."

"Wa ya ce maye ne?"

"Rubuta mini a takarda. Ki buga hatimi."

Jini ya tabbatar da maganarta. Aka ba shi ƙwayar da ke hana share sinadarin da wuri, da wata mai kwantar da garkuwar jiki. Ta gargaɗe shi: ba warkewa ba ce, lallaɓawa ce, kuma kada ya sake ɗaukar rayukan mutane a ruwa shi kaɗai.

Cikin mako uku yana cin tuwonsa ba hutu. Ya sa babbar riga, ya tafi mashigi da la'asar sakaliya, lokacin da aka saba yi masa dariya, ya karanta wa Yunusa laifinsa da murya garau, ya miƙa masa takardar. Yunusa ya juya ta, ya mayar. Ana cikin haka lokacin magani ya yi, Tukur ya ɓallo ƙwaya ya haɗiye.

"Jama'a, me na ce muku?" in ji Yunusa. "Yanzu ma a gabanmu."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Ba wanda ya ce a ba shi haƙuri. Tukur ya tofar da yawu a gaban jirgin Yunusa, ya ce, "Tsakanina da kai sai gaban Allah."

Ya sayar da kwalekwalensa ga wani mutumin Guri, ya koma Haɗeja da zama, ya kama gyaran koma da taru a kusa da kasuwar kifi. Da Sallah ta zo Yunusa ya aiko masa da buhun shinkafa, ba tare da ko kalma ɗaya ba. Tukur ya sa mai babur ya mayar. Bayan shekara uku Yunusa ya rasu. Tukur ya je jana'iza, ya tsaya a sahun ƙarshe, aka sallame ya juyo, bai bi gawa maƙabarta ba.

Yana nan har yau a rumfarsa. Yana aiki daga asuba zuwa azahar, sannan ya kishingiɗa. Masunta suna kawo masa tarunsu don ƙullinsa ba ya kwancewa, suna kuma shan zagi a kan yadda suke yaga shi. Bara wata mai bandar kifi, Saude, ta zo karɓar komar mijinta, ya lura tana ɗaga haɓa don ta gan shi ta ƙarƙashin fatar ido.

"Tun yaushe idonki ya yi haka?"

"Wai kambun baka ne, Baba. Ana yi mini magani."

"Kambun bakan uwar wa? Ke da mai maganin duk ba ku da hankali. Gobe da sassafe ki zo da mijinki."

Da suka zo, Ramatu ce ta raka su motar Kano zuwa asibiti, don Tukur ya ce ba zai bar aikinsa saboda wawaye ba.