Duƙushin Buwai

A daminar 1981 na fara sanin Buwai, shekarar da aka maido ni koyarwa a ƙauyenmu, gabas da Gezawa. Gonarsa da tawa iyaka ɗaya. Gajere ne mai yawan dariya. A shekarar ce goɗiyarsa ta mutu wajen haihuwa ta bar masa duƙushi, ya raine shi da nonon akuya da kunun dawa.

Duƙushin ya taso bai san shi doki ba ne. Yakan ɗora ƙafafun gaba a kafaɗun Buwai, ya fizge masa hula, ya tsotsi yatsunsa. Wata rana tsohuwa Aina'u mai daddawa ta tsaya a bakin danga ta ce, "Kai Buwai, ɗan nan naka ba shi da mai harbinsa. Uwa ce ke nuna wa duƙushi inda haƙori yake tsayawa."

"Inna, ai ni ne uwar," in ji shi. "Ko so kike in fara harbi?"

Muka yi dariya, har da ni. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, ni na koya wa dabbar nan neman sukari. Tun ina makarantar mishan ba a raba aljihuna da ƙwaya biyu ko uku, kuma a tafin hannu nake miƙa masa.

Ranar Laraba, tara ga Maris 1983, 'yata ta fari, Leah, mai shekara tara, ta bi ta kusa da turken dokin da hannu a dunƙule. Sukari ne a ciki, ni na ba ta. Ya cafki hannun da wasa ya girgiza, kamar yadda yake yi wa hular Buwai. Yatsu uku na hannun damanta ba su sake lanƙwasuwa ba.

Daga ranar na daina yi wa Buwai magana. Mu haɗu a iyakar gona ya ce, "Malam, ina gajiya?" in wuce. Shekara arba'in muna haka.

Ya sayar da dokin, dariyar ma ta tafi. Amma shi ya zama wanda ake kai wa duƙushi mai cizo, har daga Shanono. Ba ya duka. Dusa da kanwa a kwano yake ba su, ba a hannu ba. In duƙushi ya kawo baki, sai ya tare shi da gwiwar hannu ya ci gaba da aikinsa, ko kallonsa ba ya yi. In ya ƙi ji, ya haɗa shi da tsohuwar goɗiya kwana bakwai. Ta bayan danga nakan ji shi yana gaya wa masu dawaki, "Wasan da ba za ka iya ɗauka ba in ya girma, kada ka fara shi yau." Duk sanda na ji, sai in taɓa aljihuna.

Leah ta yi aure a wani ƙauye, mil shida daga nan. A wurinmu kowace matar aure tana da gayaunarta, 'yar gonar da take ci da 'ya'yanta daga ciki, ga shi hannunta ba ya riƙe fartanya. Abin ya hana ni sukuni, amma ban taɓa tambayarta yadda take yi ba. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na kira sai a takarda.

Bara bayan girbi Buwai ya rasu. Na je, na tsaya daga nesa.

Bana, sati uku da saukar ruwan shuka, Leah ta zo ta durƙusa a ƙofar ɗakina.

"Baba, ciyawa ta ci gayaunata. Bana wa za ka turo?"

Na dube ta, na kasa gane maganar.

"Tunda Baba Buwai ba shi," ta ce. "Ai duk damina yana zuwa a kekensa, noman fari da maimai. Ya ce kai kake turo shi, amma kada in kuskura in yi maka godiya, kunya za ka ji."

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar da aka kai ni."

Damina ashirin da tara ke nan, kuma duk da sunana ya yi su.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yau dai sai na faɗa. Na gode, Baba."

Har yau ban gyara mata ba.